Sofisticado: na ɗauka yabo ne zalla, ashe da sauran magana

Abin da ya ja ni koyon Sifaniyanci ba wani babban dalili ba ne, ƙwallo ce kawai. Na gaji da jiran a fassara min abin da koci ya faɗa bayan an tashi wasa, sai na sauke manhaja a waya na fara da su hola da gracias, wasa-wasa abu ya yi nisa har na samu wata malama 'yar Sifaniya da muke darasi ta bidiyo sau biyu a sati in dai netwok bai yi halin nasa ba. To a ɗaya daga cikin darussan nan ne na yi wata katoɓara da har yau in na tuna sai in kama dariya ni kaɗai.

Ranar muna kan siffanta mutane ne, sai ta ɗago min hoton mahaifiyarta a waya, tsohuwa tsaf-tsaf, farin gashi an taje shi an ɗaure, tana zaune a bakin ƙofar gidansu na ƙauye da baƙar riga da 'yar siririyar sarƙa a wuya, ta ce to siffanta min ita. Ni a raina so nake in ce wannan baiwar Allah akwai kamala akwai aji, dattijuwar arziki dai, kuma kwana biyu kafin nan na ci karo da kalmar sofisticada a wata tallar turare na ga ta yi kama da ta Turanci, na ce yauwa na samu babbar kalma yau malama za ta san ina karatu. Na gyara murya na ce "su madre es muy sofisticada". Malama ta yi tsit har na ɗauka layi ne ya katse, can sai ta fashe da dariya ta ce mamata? ai da za ta ji ka sai ta tambaye ka me ta yi maka. Ta ce ita mace ce sencilla, wato mai sauƙin kai wadda ba ta ɗora wa kanta komai ba, kuma da hakan take tinƙaho, in yabonta kake son yi ka ce elegante.

Abin ya tsaya min a rai gaskiya, don ba zagi na yi ba, ita ma ta ce ba zagi ba ne, amma dai kalmar ba ta zauna a kan tsohuwar ba, kamar ka ɗora wa liman hular hana-sallah. Daga ranar na shiga bin diddiginta.

Tun a wajen furuci ma akwai rami da ke jiran Bahaushe. Mu harafin c a wajenmu na ciki ne da cokali da cinya, don haka idonka na sauka a kan sofisticado bakinka zai so ya ce sofisti-ca-do da irin ca ɗin caca, to ba haka ba ne, a Sifaniyanci c in ta zo kafin a ko o ko u sautin k take bayarwa, sofistikado ke nan, kuma nauyin murya a kan ka ɗin yake sauka. Sai f ɗin, ka san wasunmu f da p duk ɗaya ne a baki, to a nan sai ka ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, kar ta fito sopistikado. D ɗin ƙarshe kuma ba d ɗinmu mai ƙarfi ba ce, in ta faɗo tsakanin wasula biyu laushi take yi ta koma kusa da zalun ɗin Larabci, wanda ya yi tajwidi a islamiyya ya riga ya san inda ake sa harshe. A kudancin Sifaniya, yankin Andalus, da ma bakin mutane da yawa in ana hira ta yau da kullum, cinye ta suke yi gaba ɗaya ka ji sofisticao, kamar yadda suke cewa cansao maimakon cansado in sun gaji. Ka gane ta in ka ji, amma kar ka rubuta haka a jarrabawa. Wasulan su ne ba su ba ni wahala ba ko kaɗan, biyar ne irin namu, a e i o u, yadda aka rubuta haka ake faɗa, ba irin na Turanci da sai an yi ta canki-canka ba.

Da na je ƙamus, ba na waya da ke ba ka kalma ɗaya ya sallame ka ba, na hukumar harshen da ke Madrid wadda ake kira Real Academia Española, tun 1713 aka kafa ta kuma yanzu tare take aiki da takwarorinta na sauran ƙasashen da ke magana da harshen, su 23 ne duka har da ta Ikwatoriyal Gini nan kusa da mu, sai na tarar ma'ana uku aka jera. Abin da ya ba ni mamaki shi ne wadda aka sa a farko: falto de naturalidad, afectadamente refinado. A Hausance, abin da ya rasa zama yadda Allah ya yi shi, gayun da aka ƙaƙaro, iyayi da feleƙe dai. Ta biyu ce elegante, refinado, mai aji mai tsari. Ta uku kuma ta na'ura ce ko wani tsari, abin da fasaharsa ke da sarƙaƙiya ko ta yi nisa. Wato ni na ɗauko ta biyu na miƙa wa malama, kunnenta kuma ya jiyo ƙamshin ta farko, tsohuwar da ko hoda ba ta shafa ba.

To me ya haɗa iyayi da aji da na'ura a cikin kalma ɗaya? Nan ne labarin ya yi min daɗi, don tushen ba baƙo ba ne a wajen duk wanda ya zauna gaban malamin zaure. A Girkanci sofiya hikima ce, ita ce a cikin falsafa, son hikima. A birnin Atina, ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, an yi wasu malamai masu yawo gari-gari suna koyar da 'ya'yan masu hali iya magana da cin muhawara, kuma kuɗi suke karɓa, irin su Protagoras da Gorgiyas wanda ya zo Atina daga Sisili a 427. Sunansu sofistai, asali ma'anar ba ta da aibu, gwanaye ne masu sani. Amma malamin falsafar nan Aflatun ya sa su gaba, shi da ɗalibinsa Aristo, zargin shi ne mutanen nan ba gaskiya suke nema ba, koya maka suke yadda za ka ɗauki hujja mai rauni ka yi mata kwalliya ta kayar da mai ƙarfi. Sunan ya ɓaci, kuma da ɓacinsa ya shiga Larabci, shi ne safsaɗa da ake karantawa a manɗiƙi, hujjar da ta yi kama da gaskiya alhali rufa-ido ce. Kar dai a haɗa da Sufaye don an ji sauti ya yi kusa, wannan mafi yawan malamai daga sufu suke cewa ta fito, ulun da masu gudun duniya ke sawa.

Daga nan Latin na tsakiyar zamani ya ƙera aikatau sophisticare, kuma ma'anarta ta sauko daga majalisar muhawara ta shiga kasuwa: yin algus. Ka sirka abu mai kyau da maras kyau ka sayar a matsayin na asali, giyar inabi da aka yi wa haɗi, magani ko kayan yaji da aka cakuɗa da gari. Irin dai mai nonon da ta ƙara ruwa da kuka, ko zumar da rabinta sukari ne aka dafa. Haka sofisticar ta shigo Sifaniyanci, gurɓata abu ko yin jabunsa, kuma haka ta daɗe. In kana son ka ga tsohuwar ma'anar da ranta yau sai ka leƙa Italiya, akwai wani reshe na jandarmominsu da aka kafa a 1962 ana ce masa NAS, cikakken sunan na ɗauke da kalmar antisofisticazioni, aikinsu farautar masu algus a abinci da magani. Wato a can in aka ce an kama man zaitun da aka yi wa sofisticazione ba yabon man ake ba, kotu za a je.

Turanci ne ya juya ta. Su ma da farko algus take nufi a wajensu, sai a hankali aka fara faɗinta a kan mutumin da duniya ta goge shi ya daina zama ɗanye, kuma wajen ƙarshen ƙarni na 19 wannan ya koma abin so, mutum ya ga jiya ya ga yau ya san kan birni. Wajen tsakiyar ƙarni na 20 kuma aka ɗora ta a kan na'urori da makamai. Waɗannan sababbin ma'anoni biyu su ne suka kwararo cikin Sifaniyanci ta fina-finai da mujallun kwalliya da labaran da ake fassarowa daga Turanci, masu kishin harshe suka yi ta ƙorafi wai ana cusa musu baƙon abu, amma bakin jama'a ya fi ƙarfinsu, ƙarshe ƙamus ya karɓa ya jera su a ƙasan tsohuwar. 'Yan'uwa na Nijar da suka yi Faransanci ba za su sha wahala a nan ba, sophistiqué ɗinsu ma tafiyar da ta yi ke nan, kuma har yanzu tana ɗauke da wannan ɗan warin na abin da aka cika wa ƙaƙale.

Ni abin da ya sa na kama ta da kyau shi ne da na tuna mu ma muna da irinta. Ka ce wane ɗan birni ne, yabo ne ko zagi? Ya danganta da wanda ya faɗa da yadda ya karya murya, yana iya zama ya iya sa kaya ya san yadda ake shiga ofis, yana kuma iya zama ka riƙe aljihunka da kyau. Haka wayewa, a ce yarinya wayayyiya ce daban, a ce ai ta waye da yawa ko idonta ya buɗe kuma daban, na biyun in aka faɗa a gidan da ake binciken aure to magana ta lalace. Sofisticado a wannan layin take zaune, sai dai ita ba ta taɓa tarbiyya, gayu da ɗabi'a take taɓawa.

A aikace abin da na lura shi ne kalmar da aka jingina ta da ita ce ke yanke hukunci. In na'ura ce ko manhaja ko makami ko wata dabara, babu wata matsala, ma'ana ta uku ce kai tsaye kuma a nan ne za ka fi cin karo da ita in kana karanta jaridunsu. Un sistema de seguridad muy sofisticado, tsarin tsaro na zamani mai wuyar ketawa. Tecnología sofisticada. Kuma ba sai abin kirki ba, 'yan jarida na son ta sosai a labarin masu laifi. Ka tuna yadda El Chapo, ƙasurgumin dillalin miyagun ƙwayoyin nan, ya tsere daga kurkukun Altiplano na Meziko a watan Yulin 2015, rami aka haƙa masa mai tsawon kusan kilomita ɗaya da rabi ya ɓullo daidai wurin wankan ɗakinsa, da fitilu a ciki da bututun shigar iska da babur da aka ɗora a kan dogo, to irin wannan shi ne un túnel sofisticado, ba wanda ke yabon mai ramin, ana dai cewa an zuba ilimi da kuɗi a aikin. Haka damfara, una estafa sofisticada ita ce wadda ba irin ta "turo lambar da aka aiko maka" ba, an gina shafi sak na banki, an kira ka da lambar da ta fito kamar tasu. Har aikatau suke yi da ita, las estafas se han sofisticado, damfara ta ƙara wayewa. In ka duba da kyau a nan kalmar ta kusa komawa gidan ubanta, ƙarya da aka yi wa ado.

Kishiyarta a wannan fagen rudimentario ce ko casero, abin da aka haɗa a gida da abin da ya samu. Akwai kuma poco sofisticado, wadda hanya ce ta ladabi ta cewa abu na gargajiya ne ko ba a yi wani tunani a kansa ba, un método poco sofisticado, kamar ɓarawon da ya fasa taga da dutse.

Wajen abinci ne abin ya fara raba ƙafa. Sifaniya ƙasa ce da ta yi suna a girkin ƙaƙale, gidan abincin nan El Bulli na Ferran Adrià da ke gaɓar teku kusa da garin Roses a Kataloniya, kafin a rufe shi a 2011 sau biyar ana zaɓensa na ɗaya a duniya, a can ne za a kawo maka abu a cokali kamar zaitun, ka sa a baki ya fashe ashe ruwan zaitun ne aka yi wa fata da sinadari. Wannan ita ce cocina sofisticada ba musu. Amma ƙasar nan dai ita ce mutane za su yi awa guda suna gardama a kan ko ana sa albasa a tortilla de patatas ko ba a sawa, wainar ƙwai da dankalin Turawa ke nan fa, kuma in ka tambayi yawancinsu abincin da ya fi daɗi a duniya za su ce na kakarsu. Don haka in wani ya ce maka gidan abinci kaza es demasiado sofisticado para mí, ya fi ƙarfina, kar ka ɗauka ƙasƙantar da kai yake yi, sau da yawa nufinsa faranti ƙato abinci ɗan mitsitsi kuɗi kuma kamar na hayar gida. In kuma ka gayyaci baƙo ka tambaye shi me za a dafa ya ce nada sofisticado, algo sencillo, to cewa yake kar a wahala, abin da ke gida ya isa.

Kan mutum kuwa sai a hankali. A mujallar kwalliya ko tallar turare da agogo yabo ce tsantsa, una mujer sofisticada, un look sofisticado, mace 'yar birni mai tsadadden gayu wadda ta san duniya, kuma a nan na tsinto ta shi ya sa na ruɗu. Amma a bakin mutane tana nuna abin da aka gina aka yi wa aiki, gayun da ka ga alamar hannu a jikinsa. Elegante kuma ba ta buƙatar kuɗi ko birni, tsoho da wankakkiyar riga ɗaya yana iya zama elegante, har hali ma ana ce masa haka, wanda aka ci wa fuska ya yi shiru ya wuce an ce ya yi abu elegante. Abin da na so in faɗa game da mahaifiyar malama ke nan. Sannan akwai zolaya, abokinka da kuka saba shan shayi a bakin titi ya zo yana neman kofi da madarar wani ɗan itace, sai ka ɗaga gira ka ce ¡qué sofisticado!, daidai da mu ce "a'a, su wane an waye". Murya ce ke ɗauke da saƙon, a rubuce ba za ka gane ba sai ka duba abin da ke kewaye.

Wani wurin da masu zuwa daga Turanci ke zamewa shi ne inda ake nufin mutum mai zurfin sani, mai karatu da ba a yi masa wasa da hankali, ko masu kallo da suka san abin da suke kallo. Za ka ga ana rubuta sofisticado a nan ma musamman a rubutun da aka fassaro, amma malamata jan biro take sa min, ta ce culto in mai ilimi ne, entendido in ya san kan abin, exigente in ba ya karɓar kowane tarkace. Kuma in abu wuya kawai gare shi, lissafi ne ko matsala, complejo ko complicado ake cewa, ba kowane abu mai rikitarwa ne sofisticado ba, rikicin gado a gidan mutum talatin complicado ne, ba wata fasaha a ciki.

In kuma sukar kake son yi ba tare da kwana-kwana ba akwai masu yi maka aikin. Rebuscado ga magana ko rubutun da aka je aka tono kalmomi don a burge, irin mai wa'azin turancin da shi kansa bai gane ba. Cursi ga gayun da ya zarce ya koma abin kunya, fulawar roba da waƙar soyayya mai zaƙi har ya gundure. Ga 'ya'yan masu kuɗi masu yanga kuma kowace ƙasa da nata, pijo a Sifaniya, fresa a Meziko wadda asalinta sunan ɗan itacen nan ne ja da Bature ke ce wa strawberry, cheto a Ajantina, gomelo a Kolombiya, mu dai ɗan hutu ko ɗan gata muke cewa. Can ɗaya gefen kuma akwai campechano, babban mutum da ke zama a ci a sha da kowa ba girman kai, shekaru da yawa da ita ake siffanta tsohon sarkinsu Juan Carlos. Yawan kalmomin yabon sauƙin kai da suke da su, sencillo, llano, natural, campechano, shi ya nuna min dalilin da sofisticado ba za ta taɓa zama yabo mai tsabta a kan mutum ba a wajensu.

Nahawun kuma wallahi mu ya fi yi wa sauƙi a kan Bature. Bature siffarsa ba ta canzawa, mu kuwa mun saba da dafaffe, dafaffiya, dafaffu, wayayye, wayayyiya, wayayyu, kuma abin daɗin shi ne ginin ma iri ɗaya ne, siffa ce da aka ciro daga aikatau, yadda dafa ta ba da dafaffe haka sofisticar ta ba da sofisticado. Bambancin kawai su a jam'i ma suna raba jinsi, huɗu ke nan: sofisticado, sofisticada, sofisticados, sofisticadas, in maza da mata suka haɗu na maza ake ɗauka. Amma ga inda sabonmu ke kayar da mu, mun saba kalmar da ta ƙare da a mace ce, su ma galibi haka ne, sai ka saki jiki, kwatsam sai ga sistema da programa da problema da idioma, duk sun ƙare da a kuma duk maza ne don daga Girkanci suka zo. Un sistema sofisticado, ba sofisticada ba, na sha jan biro a kan wannan ya fi sau biyar, kuma haushin shi ne sistema ce kalmar da ta fi yawan tafiya da ita. Da na yi ƙorafi sai na tuna gida da ruwa da suna da nama a namu harshen, na ja bakina na yi shiru. Sai kuma arma, makami, ita mace ce amma saboda ta fara da a mai nauyi ake cewa el arma, un arma, siffar kuma ta zauna a mace, un arma sofisticada, a jam'i las armas sofisticadas. Ka ga namiji a gaba mace a baya, ba kuskuren buga rubutu ba ne.

Mazauninta bayan suna ne a maganar yau da kullum, un aparato sofisticado. In ka gan ta a gaba, un sofisticado sistema de espionaje, to salon jarida ne ko littafi, kai ma in ka yi haka a hira za ka yi kama da mai karanta labarai. Wajen ser da estar kuma, aikatau biyun nan da ke yin aikin ne da ce na Hausa suke kuma hana ɗalibai barci, kusan kullum ser take bi don hali ne ko yanayin abu na dindindin, es sofisticado. In wani ya caɓa ado ranar biki kana son ka ce yau ka fito, estás muy elegante za ka ce, ko qué elegante kawai, a Latin Amurka kuma za ka ji te ves muy elegante. Ƙari da ragi ba wuya, muy sosai, más sofisticado que ya fi kaza, demasiado ya yi yawa, in ana son a kai ta ƙarshe sofisticadísimo, wadda ni in na ji ta nakan ji kamar da ɗan shaƙiyanci a ciki. Sunan kuma la sofisticación, mace ce kamar duk masu ƙarewa da ción, da alama a kan o ɗin don can nauyin ya koma, kuma c biyun da ke cikinta ba sauti ɗaya ba ne, ta farko k, ta biyun a Madrid kamar sa mai ɗigo uku ta Larabci harshe tsakanin haƙora, a Meziko da sauran Latin Amurka s ce kawai. 'Yan'uwanta na jini sofisma da sofista su ba su bi ta birni ba, har yau hujjar ƙarya da mai yin ta suke nufi, ka ce wa mutum a muhawara eso es un sofisma ka ce masa safsaɗa yake yi.

Sati biyu bayan katoɓarar malama ta dawo da darasin, ta ce wannan karon in kawo hoto daga wajena. Na ɗauko na kakata ranar sallah, ta sha atamfa da mayafi tana zaune a kan tabarma da carbi a hannu, na ce mi abuela es una mujer sencilla y muy elegante, sannan na juya kyamara na nuna mata injin markaɗen maƙwabtanmu da ake ɗaure bel ɗinsa da tsumma na ce y esta máquina no es nada sofisticada. Ta tafa min. Sai ta ce to ku a Hausa me kuke ce wa ma'anar farkon, gayun da aka matsa wa lamba, na ce ƙaƙale. Ta gwada ta ce kakale, na ce a'a malama daga maƙogwaro za ki ƙwace ta, ta sake ta ce kakale, muka yi ta yi har lokacin darasi ya ƙare ƙ ɗin nan bai fito ba.